Sauyin Takardun Shaidar Tsaron Sadarwa: Abin Lura Kafin a Biya Kuɗin Jarrabawa

Takardar shaidar ƙwarewa a fannin tsaron hanyoyin sadarwar kwamfuta ta sha bamban da digirin jami'a, domin shi digiri da zarar mutum ya samu ya zama nasa har abada, ita kuwa wannan takarda tana da wa'adi, kuma kamfanin da ke bayar da ita yana da ikon soke jarrabawarta ya kawo wata a duk lokacin da ya ga fasaha ta yi gaba. Aikin da takardar ke shaidawa shi ne kare hanyoyin da bayanai ke bi tsakanin kwamfutocin banki ko asibiti ko kamfanin waya daga masu kutse, kuma da yake dabarun kutsen ba sa tsayawa wuri ɗaya, manhajar karatun ma ba ta tsayawa. Rashin sanin haka yana jawo wa ɗalibai asarar kuɗi da ta lokaci, musamman waɗanda sauyin ya riska suna tsakiyar hanya.

Babban misali shi ne garambawul ɗin da kamfanin Cisco na Amurka ya yi, wanda ya sanar a watan Yunin 2019, ya kuma fara aiki da shi ranar 24 ga Fabrairun 2020. Kafin wannan rana, mai son takardar CCNP Security, wato shaidar matakin ƙwararru a harkar tsaro, sai ya fara mallakar ta ƙasa da ita mai suna CCNA Security, sannan ya ci jarrabawa huɗu masu lambobi 300-206 da 300-208 da 300-209 da 300-210. Sabon tsari ya rushe wannan duka. An daina bayar da CCNA Security, an haɗe rassan CCNA masu yawa cikin jarrabawa guda mai lamba 200-301, an kuma cire sharaɗin cewa sai an hau matakin farko kafin a nemi na biyu. Jarrabawa huɗun nan suka koma biyu: ta ginshiƙi mai lamba 350-701, wadda ake kira SCOR kuma ake yi cikin minti 120, sai ta zaɓi guda ɗaya da ɗalibi zai ɗauka gwargwadon inda yake son ya ƙware, kamar katangar tsaro da ke tace abin da ke shiga da fita, ko tantance masu shiga hanyar sadarwa, ko tsaron imel, ko keɓaɓɓiyar hanyar sadarwa da aka sani da VPN. Ita jarrabawar ginshiƙin ce kuma ta zama ƙofar shiga gwajin aiki na CCIE, wanda shi ne matakin ƙoli.

Dalilin sauyin ba ɓoyayye ba ne. Tsohuwar manhajar ta ta'allaƙa ne a kan na'urorin da ake girkawa cikin ɗakin kwamfutoci na ma'aikata, alhali kamfanoni sun riga sun fara kwashe ayyukansu zuwa girgije, wato manyan rumbunan kwamfuta na haya da ake isa gare su ta intanet. Shi kansa Cisco ya sayi kamfanin Sourcefire a 2013, da OpenDNS a 2015, da Duo Security a 2018, kuma kayayyakinsu sun shiga cikin abin da ake sa ran ƙwararre ya iya sarrafawa. Saboda haka sabuwar jarrabawar ta ba da wuri ga tsaron girgije, da kare kwamfutoci da wayoyin ma'aikata ɗaya bayan ɗaya, da rubuta ƙananan umarni da ke sa na'urori su gudanar da aiki da kansu. A nan adalci ne a ce kamfanin yana da hujja, ko da yake ba za a manta ba cewa kowace sabuwar jarrabawa tana zuwa da sababbin littattafai da kwasa-kwasai na sayarwa.

Wanda ya riga ya mallaki cikakkiyar CCNP Security mai rai a ranar sauyin bai yi asarar komai ba, domin an mayar masa da ita sabuwa ba tare da ya sake zama jarrabawa ba. Matsalar ta faɗa ne a kan wanda ya ci ɗaya ko biyu daga cikin huɗun, sannan ranar 23 ga Fabrairu, wadda ita ce ta ƙarshe ga tsofaffin jarrabawowin, ta wuce bai kammala ba. Ba a zubar da wahalarsa gaba ɗaya ba, domin wanda ya ci 300-208, alal misali, an ba shi ƙaramar shaida ta gwani a fannin tantance masu shiga, wadda ke tsayawa a matsayin jarrabawar zaɓi, amma duk da haka jarrabawar ginshiƙi tana nan tana jiransa da sabuwar manhaja wadda yawancinta bai karanta ba. Wata takwas da ke tsakanin sanarwa da fara aiki sun isa mutum ya yanke shawara, ko dai ya ƙara ƙaimi ya gama a tsohon tsari, ko ya juya tun da wuri zuwa sabo. Wanda ya tsaya jinkiri tsakanin biyun shi ne ya fi jin jiki.

Ba Cisco kaɗai ke yin haka ba. Ƙungiyar CompTIA ta fito da sabon zubin jarrabawar Security+ mai lamba SY0-701 a watan Nuwamban 2023, ta bar tsohon zubin SY0-601 yana tafiya tare da shi har zuwa ƙarshen watan Yulin 2024, sannan ta rufe shi. Sunan takardar bai canja ba, lambar jarrabawar ce ta canja, kuma nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, domin littafin da aka rubuta wa tsohuwar lamba da na sabuwa suna ɗauke da suna iri ɗaya a bango. Akwai ma ruɗani na wani nau'i: tsohuwar takardar Cisco da CCNP Security ta gada, sunanta CCSP ne, kuma a yau ƙungiyar ISC2 tana da wata takarda dabam ta tsaron girgije mai waɗannan haruffa huɗu, wadda ba ta da alaƙa da waccan.

Ga ɗalibin da ke Kano ko Kaduna ko Yamai, kuskure a wannan wuri yana da tsada, saboda da dala ake biyan kuɗin jarrabawa. Ta ginshiƙin Cisco dala 400 ce, ta zaɓi kuma dala 300, kuma wanda ya faɗi sai ya sake biya daga farko. Ga ɗan Nijeriya, tun bayan faɗuwar darajar naira daga tsakiyar 2023, wannan kuɗi ya zarce albashin wata na ma'aikata da dama. Don haka duk wanda zai yi rajista da wata cibiyar koyarwa, ko ya sayi littafi ko bidiyon darussa, ya dace ya nemi a gaya masa lambar jarrabawar da ake shirya shi dominta, sannan ya shiga shafin kamfanin da kansa ya duba ko tana nan da rai da kuma ranar da za a rufe ta. Cibiyar da har yanzu take tallar CCNA Security, ko take lissafa jarrabawa huɗu ga mai neman CCNP Security, tana sayar da abin da aka daina tun 2020 ne, ko da malamanta suna da ilimi. Ilimin da ke cikin tsofaffin littattafan bai zama banza ba, domin ka'idojin ɓoye bayanai da na tace zirga-zirga suna nan daram, sai dai ba za su kai mutum ga cin jarrabawar yau su kaɗai ba.

Lokacin sauyi kuma kasuwa ce ga 'yan damfara, waɗanda ke yawo a Telegram da WhatsApp suna tallar tambayoyin sata da sunan na sabuwar jarrabawa ne, wasu ma suna alƙawarin zaunawa a madadin ɗalibi. Bayan cewa sau da yawa tambayoyin na tsohon zubi ne ko amsoshinsu kuskure ne, dokokin Cisco sun ba shi damar soke sakamako, da ƙwace takardun da mutum ya riga ya samu, har da hana shi sake zama jarrabawa.

Samun takardar ma ba shi ne ƙarshen lissafi ba, domin shekara uku take yi ta mutu. Mai CCNP yana iya sabunta ta da sake cin jarrabawa, ko kuma ya tara maki 80 na ci gaba da karatu ta hanyar kwasa-kwasan da kamfanin ya amince da su, wanda sauƙi ne da garambawul ɗin 2020 ya kawo wa wannan mataki. Idan kuwa ya bari wa'adin ya cika, to sai ya koma ya ci jarrabawowin biyu a kan manhajar da ke ci a lokacin. Masu ɗaukar ma'aikata su ma abin ya shafe su, domin kwafin takarda ba ya nuna ko tana da rai, shi ya sa ya fi dacewa a nemi mai neman aiki ya turo lambar tantancewa ko tambarinsa na dijital da ke dandalin Credly, inda ake ganin ranar bayarwa da ranar ƙarewa.