Wa Zai Rubuta Labarin Kakanninmu?

Ran nan a makarantarmu ta ikilisiya a Unguwar Ya muka tambayi yara ko sun taɓa jin Kakalaba. Ba wanda ya ɗaga hannu. Alhali kuwa babbar yunwa ce da ta afka wa ƙasar Kano a 1913 da 1914, lokacin da Birnin Kudu da Gwaram suke ƙarƙashin Kano. Ruwa ya ɗauke, hatsi ya ƙare, mutane da yawa suka mutu.

Wani masani, Michael Watts, ya bi diddigin yunwar ƙasar Hausa cikin littafinsa Silent Violence na 1983. Ya nuna ba fari kaɗai ke kawo ta ba. Harajin kuɗi da noman gyaɗa don sayarwa sun sa talaka ya rage ajiye hatsi a rumbu.

Haka nan wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da wata tsohuwa a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, ta rubuta abin da ta faɗa mata na harin bayi, da aure, da zuwan Turawa. Littafin, Baba of Karo, ya fito a 1954.

To, mu fa? Tsofaffinmu sun ji labarin harin Ningawa daga bakin iyayensu, sun kuma ga farin 1973 da idonsu. Iyaye, ku saya wa yaro littafin rubutu da fensir, ku zaunar da shi gaban kakarsa da dare, tun tana da rai.