Abin da ke cikin ƙwallon wasan wuta kafin ya fashe a sama

Duk wanda ya taɓa kallon bikin shiga sabuwar shekara na Dubai ko Landan a talabijin ya san yadda abin yake: ɗigon haske ya tashi sama, ya ɗan ɓace, sai sarari ya cika da furen wuta mai launi iri-iri. Da yawa suna ɗauka roka ce ake harbawa. Manyan da ake gani a irin waɗannan bukukuwa ƙwallo ne na takarda da ake cillawa daga cikin bututu, kuma duk surar da ido zai gani a sama an riga an jera ta da hannu a cikinsa, makonni ko watanni kafin daren.

Tushen abin albarushi ne, wanda mutanen Sin suka gano wajen ƙarni na 9, haɗin gawayi da farar wuta da wani nau'in gishiri mai ciyar da wuta. Dangin wanda 'yan bindigar sarki suke ɗurawa ranar hawan Sallah ne. Har gobe garin Liuyang da ke lardin Hunan yana cikin manyan wuraren da ake haɗa kayan wasan wuta na duniya.

Ga yadda tashin yake. Ana kafa bututu a tsaye, a zura ƙwallon ciki, a ƙarƙashinsa akwai ɗan ƙunshin albarushi. Da an kunna wannan ƙunshi sai ya tunkuɗa ƙwallon sama, kuma wutar nan ita ce take kama wani lagwani na musamman da ya ratsa zuwa tsakiyar ƙwallon. Lagwanin a hankali yake ci, an auna tsawonsa yadda zai ƙare daidai lokacin da ƙwallon ya kai ƙololuwa, ya tsaya cak kafin ya fara dawowa. A wannan ɗan tsaiko ake so ya fashe. In ya yi gaggawa ko ya makara, furen zai karkace, in kuwa ya makara sosai, a kan mutane zai zubo. Da yake sauti yana tafiyar kusan mita 340 ne kawai a daƙiƙa, shi ya sa ake fara ganin hasken kafin ƙarar ta iso kunne.

Inda aikin yake da daɗin ji shi ne cikin ƙwallon, kuma a nan mutanen Japan suka yi zarra. Ƙwallonsu ɓari biyu ne. Mai haɗawa yakan ɗauki ɓari ɗaya ya jera wasu ƙananan dunƙule-dunƙule a jikin bangonsa, ɗaya kusa da ɗaya, babu giɓi. Su ake kira taurari, kowane ɗaya shi ne ɗigon haske guda da za a gani a sama. Tsakiya kuma a cika ta da albarushin fasawa, wanda akan shafa a jikin ƙaiƙayin shinkafa ko irin auduga domin wuta ta ratsa shi lokaci ɗaya. Sai a haɗa ɓarin biyu, a yi ta manna takarda a kai, shimfiɗa bisa shimfiɗa, ana shanyawa ana ƙarawa. Wannan mannin ba ado ba ne. Idan fatar ta yi laushi, za ta yage kafin ƙarfi ya taru, taurarin su zube kusa. Idan ta yi tauri fiye da kima, fashewar za ta yi tsananin da wasu taurarin ba za su kama ba. Sanin daidai ɗin nan shi ne abin da almajirin sana'ar yake shafe shekaru yana nema.

Wanda yake son a ga zobe a cikin zobe sai ya jera taurari layi biyu ko uku ko fiye, da takarda mai laushi a tsakani. Mai son surar zuciya ko fuskar murmushi sai ya jera su a wannan surar. Matsalar irin wannan ita ce ƙwallon yana juyawa a sama, don haka wani lokaci fuskar takan fito a kife ko a kaikaice. Furen da ya zagaye ko'ina ba shi da wannan damuwa, daga kowane ɓangare aka kalle shi iri ɗaya ne.

Su kansu taurarin aiki ne mai cin rai. Ana farawa da ɗan ƙwayar iri ko tsakuwa, a riƙa mirgina ta cikin garin sinadari ana yayyafa ruwa, kamar yadda mai fura take mirgina dawo cikin gari, a shanya, gobe a sake. Idan aka canza garin a tsakiyar aiki, tauraron zai canza launi a sama, domin daga waje yake ci zuwa ciki. Ja yana fitowa daga sinadarin sitironshiyam, kore daga bariyam, rawaya daga sodiyam, wanda ke cikin gishirin miya. Fari mai ƙyalli aikin alminiyam ne ko maganiziyam, ruwan zinare mai jan wutsiya kuma gawayi ne. Shuɗi ya fi kowanne wuya: daga tagulla ake samunsa, amma in zafi ya yi yawa launin ya koɗe, in ya yi kaɗan ba ya haske. Duk inda kuka ga shuɗi mai zurfi, ƙwararre ne ya haɗa shi. Waɗannan launuka ma ba su daɗe ba. Masu sana'ar a Italiya ne suka yaɗa su wajen shekarun 1830, kafin nan kusan duk wasan wuta launin garwashi ne.

A gasar Omagari da ke yankin Akita na Japan, wadda aka fara a 1910, alƙalai suna duba ko furen ya zagaye sosai, ko tsakiyarsa ta zauna daidai, da kuma ko taurarin duk sun mutu lokaci ɗaya. A ganina wannan na ƙarshe shi ne ma'aunin gaskiya, domin ba zai yiwu ba sai ɗaruruwan taurarin da hannu ya mirgina sun zo girma ɗaya. Ƙwallo mai faɗin santimita 30 yana tashi sama da mita 300, furensa ma ya buɗe kusan haka. A bikin garin Katakai na yankin Niigata, kowane watan Satumba, ana harba mai faɗin santimita 120 da nauyin kilo 420. Iyalan garin sukan biya kuɗin ƙwallo don murnar haihuwa ko tunawa da mamaci, a sanar da sunansu kafin a harba.

Italiya da Malta nasu salon daban ne: ƙunshi mai tsawo, an ɗaure shi tamau da igiya, yana fashewa hawa-hawa. A Malta yawanci 'yan sa-kai ne suke haɗawa don bikin ƙauyensu. A Amurka akwai ƙungiyar masu sha'awa, Pyrotechnics Guild International, tun 1969, kuma a 2020 wasu masu sha'awa a garin Steamboat Springs na jihar Kolorado suka harba ƙwallo mai nauyin kusan kilo 1,270, bayan na shekarar da ta gabata ya fashe musu a cikin bututu.

Kada jin cewa 'yan sa-kai suna yi ya ruɗi kowa. Waɗannan mutane suna koyo ne a ƙarƙashin na gaba da su, a ɗakunan da aka gina nesa da gidaje kuma nesa da juna. Tufafin auduga suke sawa, saboda ɗan tartsatsin da rigar leda take yi a busasshen yanayi, irin wanda muke ji a jiki lokacin hunturu, ya isa ya tayar da albarushi. Duk da haka Malta ta sha binne 'ya'yanta. A watan Mayun 2000 ma'ajiyar kayan wasan wuta ta fashe a Enschede ta ƙasar Holan, mutum 23 suka rasu, unguwa guda ta rushe. A 26 ga Disamban 2012 irin haka ta faru a kasuwar Jankara da ke Legas, gine-gine suka ƙone, mutane da dama suka jikkata. Duka biyun kaya ne aka tara a tsakiyar jama'a.

Saboda haka ɗaki ko shago ba wurin haɗa wannan abu ba ne, ba kuma wurin tara shi ba ne. Mai kallo ya tsaya bayan igiyar da aka ja. Wanda aka kunna bai tashi ba, kada a leƙa bututunsa, kada a sake kunna shi, domin lagwani yana iya ci a ɓoye. Ko ɗan tsinken tartsatsi da ake miƙa wa yara zafinsa yana kaiwa digiri 1,000, don haka babba ya tsaya kusa, da bokitin ruwa da za a tsoma shi idan ya mutu.