Littafin Gyaran Babur: Malamin da Ba Ya Gajiya da Tambaya

A gidaje da yawa akwai babur, ko na Baba ko na Yaya, shi ne kuma ke kai da yawanmu makaranta. Amma mutum nawa ne suka taɓa buɗe littafinsa?

Littafin iri biyu ne. Akwai ɗan ƙarami da ake bayarwa tare da sabon babur, mai bayanin juyen baƙin mai da iskar taya. Akwai kuma babba na kanikawa, wanda ke nuna yadda ake kwance kowane sashe a mayar, da hotuna da ma'auni.

Wani Bature ɗan Ingila, John Haynes, yana ɗalibi kamarku ya rubuta ɗan littafi a 1956 kan motar da ya harhaɗa da kansa. Kamfaninsa ya shahara da dabara guda: a wargaza mota ko babur, a ɗauki hoton kowane mataki, sannan a rubuta.

Amfanin littafin shi ne yana kawar da cinke. Ɗauki notin da ake kwancewa a juye mai. Jikin injin na alminiyam ne, ba shi da ƙarfin ƙarfe. In ka matse notin fiye da kima, haƙoran ramin za su cinye, mai ya riƙa ɗiga, ƙaramin aiki ya koma babban kashe kuɗi. Littafin ya faɗi iyakar ƙarfin da za a ɗaure shi. Haka tazarar bakin filogi, wadda a ƙananan babura da yawa ba ta kai milimita 1 ba. Sarƙa ma in ta yi sako-sako tana iya fita ana cikin gudu, in ta ɗame kuma ta cinye haƙoran da take bi.

Nemi littafin ainihin samfurin baburinku, domin ma'aunin Boxer daban, na Jincheng daban. Karanta aikin har ƙarshe kafin ka ɗauki sifana, ka jera abin da ka kwance bi da bi a kan tsumma.

Fara da wanke matatar iska da shafa wa sarƙa mai, da izinin mai babur, injin a kashe kuma ya huce. Kada ka tayar da shi a rufaffen zaure, hayaƙinsa na kisa. Birki da cikin inji kuwa, bar wa bakanike. Je da littafinka, ka tsaya kusa ka ga yadda yake yi.