William Coley: lokotoron da mutuwar yarinya guda ta sauya wa hanya

A cikin kakar shekarar 1890 aka kawo wa wani matashin lokotoro mai aikin fiɗa a birnin Niyok na ƙasar Amurka wata yarinya ƴar shekara 17. Ƙorafinta bai taka kara ya karya ba: kujerar jirgin ƙasa ce ta matse mata hannu a wata tafiya, wurin ya kumbura, ya ƙi sacewa, ga zogi mai hana barci. Lokotoron, mai suna William Coley, shekararsa 28 a lokacin, shekara 2 ke nan da gama karatunsa a jami'ar Harvard. Da aka yanki ɗan nama aka bincika, sai aka tarar ciwon daji ne irin wanda ake kira sarkoma. A watan Nuwamba ya yanke hannun daga ƙasan gwiwa, kamar yadda ilimin zamanin ya tanada. Amma ina, cutar ta riga ta bazu a jiki. A watan Janairu na 1891 yarinyar ta rasu.

Sarkoma sankara ce da ke tsirowa daga ƙashi, ko tsoka, ko kitse, ko hanyoyin jini. Ta fi iri 70. A cikin manya ba ta da yawa, wajen kashi 1 cikin 100 na masu ciwon daji, amma a cikin yara rabonta ya kai wajen kashi 15. Buguwa ko faɗuwa ba su haddasa ta. Su dai kan jawo hankalin mutum ga kumburin da dā ma yana nan.

Wannan rasuwa ta tsaya wa Coley a rai. Ya yi duk abin da malamansa suka koya masa, bai yi kuskure ba, amma aikin bai tsinana kome ba. Sai ya duƙufa kan tsofaffin takardun asibitin, yana neman ko an taɓa samun wanda ya tsira. Nan ya ci karo da labarin wani Bajamushe ɗan ci-rani mai sarkoma a wuya, wanda aka yi wa fiɗa sau da dama ƙarin yana komowa, har aka fid da rai da shi. Ana cikin haka wata cutar fata mai suna erisipela ta kama shi, mai sa fata ta yi ja ta kumbura, tare da zazzaɓi mai zafi. Da zazzaɓin ya sauka, sai ƙarin ya narke. Aka sallame shi, ba a sake jin ɗuriyarsa ba har shekara 7.

Coley bai yarda da takarda kaɗai ba. Ya shiga unguwannin talakawa na Niyok, gida gida, makonni yana cigiya, har ya iske mutumin da ransa da lafiyarsa, sai tabo a wuya. Daga nan tambayar da ta zame masa aikin rayuwa ta taso: idan cutar da ta zo bisa tsautsayi ta iya tayar da jiki ya yaƙi sankara, me zai hana lokotoro ya jawo ta da gangan?

A watan Mayu na 1891 ya fara gwaji a kan wani ɗan ƙasar Italiya da ƙari ya kusa toshe wa maƙogwaro. Ya yi ta yi masa allurar ƙwayoyin cutar erisipela, ba ta kama shi sosai ba, sai a watan Oktoba da aka samo masu ƙarfi daga Jamus. Mutumin ya sha zazzaɓi kamar ba zai tashi ba, ƙarin ya soma narkewa, ya ƙara rayuwa fiye da shekara 8 kafin cutar ta komo ta yi ajalinsa. Sai dai hanyar tana da mugun haɗari, domin a lokacin babu maganin kashe ƙwayoyin cuta. Biyu daga majinyatansa na farko allurar ce ta kashe su. Don haka a 1893 ya sauya dabara, ya haɗa ƙwayoyin cuta iri biyu da aka kashe da zafi. Wanda aka fara yi wa wannan haɗi yaro ne ɗan shekara 16 mai babban ƙari a ciki. Ya warke, ya ƙara shekara 26 a duniya, ciwon zuciya ne ma ya kashe shi.

Cikin shekara 40 Coley ya yi wa mutum kusan 1000 magani da wannan haɗi, ya kuma shugabanci sashen ƙarin ƙashi a asibitin Memorial na Niyok. Duk da haka takwarorinsa da yawa ba su gamsu ba, kuma a gaskiya suna da hujja. Haɗin ba iri ɗaya ba ne, kowane ɗakin bincike da irin nasa, wani mai ƙarfi wani salam. Wurin yin allurar da yawanta suna sauyawa daga majinyaci zuwa majinyaci. Wasu sun warke, da yawa ba su warke ba, kuma babu wanda ya iya faɗin dalili, har shi Coley kansa. Ga kuma sabuwar hanya ta ɓullo: an gano hasken ɗaukar hoton ƙashi a 1895, an gano sinadarin radiyom a 1898, ƙona ƙari da haske kuwa abu ne da ake iya aunawa a maimaita. Babban mai adawa da shi a asibitin shi ne James Ewing, masanin da ya bayyana wata sarkomar ƙashi a 1921, wadda har yau ake kira da sunansa. Coley ya rasu a 1936, aikinsa na neman shiga kwandon mantuwa. A 1965 ma ƙungiyar yaƙi da ciwon daji ta Amurka ta sa haɗin cikin jerin magungunan da ba su da tabbas.

Ɗiyarsa Helen Coley Nauts ce ta hana sunan ya ɓace. Ba lokotoro ba ce, amma ta kwashe shekaru tana tattara takardun majinyatan mahaifinta, kuma a 1953 ta kafa cibiyar binciken ciwon daji a Niyok domin tallafa wa masu nazarin garkuwar jiki. Sannu a hankali gaskiyar da Coley ya hango ta fito fili. A 1976 aka nuna cewa BCG, wato allurar rigakafin tarin fuka da ake yi wa jariranmu a dantse, tana maganin sankarar mafitsara idan aka zuba ta a cikin mafitsarar. A 2018 James Allison na Amurka da Tasuku Honjo na Japan suka sami lambar Nobel saboda gano yadda ake kwance wa garkuwar jiki dabaibayi ta far wa sankara. A watan Agusta na 2024 kuma hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wani magani da ake yi da ƙwayoyin garkuwar majinyacin kansa, domin wani nau'in sarkoma, cutar da Coley ya faro da ita.

To, jama'a masu karatu, kada wani ya ɗauka zazzaɓi maganin ciwon daji ne. Da haka ne, da masassarar cizon sauro ta gama da shi tuntuni. Ginshiƙin maganin sarkoma har yanzu shi ne fiɗa a hannun gwani, da magungunan ƙarin ruwa, da ƙonawa da haske. Kafin shekarun 1970, cikin yara 10 masu sankarar ƙashi da ƙyar 2 ke tsira ko an yanke gaɓar. Yanzu, inda akwai kayan aiki kuma cutar ba ta bazu ba, 6 zuwa 7 ke tsira, akasarinsu ba tare da rasa ƙafa ko hannu ba.

Sharaɗin shi ne a zo da wuri. Kumburin da ya kai santimita 5, wato kamar ƙwan kaza, ko wanda ke ƙara girma, ko wanda ke can cikin tsoka, ko ciwon ƙashi mai tayar da yaro cikin dare makonni a jere, ba na tsaga ba ne, ba na mai ɗori ba. A kai shi asibiti a yi masa radiyo, a kuma binciki naman kafin kowa ya sa wuƙa. Yarinyar da aka kawo wa Coley ta zo ne a zamanin da babu abin ba ta sai yanka. Mai irin kumburinta a yau yana da abin da ita ba ta samu ba, muddin bai bari watanni sun wuce shi a gida ba.