Gajeren Alƙalami da Fensirinsa: Me Ya Sa Ake Tara Su?

Biron da muke rubutu da shi ya samo sunansa ne daga László Bíró, wanda ya ƙirƙiro shi a wajajen 1938. Kafin biro ya cika kasuwa, alƙalami mai shan tawada ne abin rubutun ɗalibi da ma'aikaci. A yau akwai mutane a Turai da Amurka da Japan da ke bin kasuwannin gwanjo suna tara tsofaffin alƙaluman nan, musamman gajerun cikinsu.

Dabarar gajeren alƙalami tana murfinsa. Jikinsa gajere ne, murfin dogo. Idan an rufe shi sai ya shige ƙaramin aljihu. Idan aka cire murfin aka ɗora a gindinsa, sai ya yi tsawon da hannu zai riƙe. Kamfanin Kaweco na Jamus ya yi suna da irinsa mai suna Sport. A Amurka, Parker ya yi wa mata Lady Duofold a shekarun 1920, da zobe a murfi don a rataya shi. A Japan kuwa, Pilot ya fito da Myu 701 a 1971, wanda bakinsa da mariƙinsa ƙarfe ɗaya ne.

Sau da yawa akan sayar da alƙalamin tare da fensir mai kalarsa da adonsa, cikin akwati ɗaya, don a ba da kyauta. Shekaru na tafiya, ɗaya ya ɓata ko ya karye. Shi ya sa samun su biyu tare ya fi daraja a wajen masu tarawa. Sukan duba ko murfi ya tsage, ko baki ya lanƙwashe, ko kalar ɗaya ta koɗe ta bar ɗaya. A tsofaffi da yawa, 'yar jakar roba da ke riƙe tawada takan bushe, sai an sauya ta.

Idan ka ci karo da irinsa a adakar kakanka, kada ka jefar, kuma kada ka buɗe shi da ƙarfi. Wanke bakinsa da ruwan sanyi, ba na zafi ba. Kada ka ɗura masa tawadar allo, domin ƙaron cikinta zai toshe shi. Sannan ka tambayi mai shi labarinsa tun yana raye, ka rubuta ka ajiye tare da alƙalamin.