Kwamfuta da Tsirrai a Fagen Neman Maganin Tarin Fuka

Gabatarwa

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. A wannan ɗan rubutu zan yi bayani ne a kan yadda masana ke haɗa tsohon ilimin tsirrai da kwamfuta domin neman sabon maganin tarin fuka, sannan in nuna inda mu ɗaliban harshe muke da abin cewa.

Me Ya Sa Ake Neman Sabon Magani?

Robert Koch na ƙasar Jamus ne ya bayyana ƙwayar cutar tarin fuka a ranar 24 ga Maris, 1882. Duk da daɗewar nan, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2023 mutum miliyan 10.8 ne suka kamu, kuma kimanin miliyan 1.25 suka rasu. Nijeriya ce kan gaba a Afirka wajen yawan masu kamuwa.

Akwai magani, amma shansa sai da haƙuri. Majiyyaci yakan yi wata shida yana sha: wata biyu na farko magani huɗu, wato isoniazid da rifampicin da pyrazinamide da ethambutol, sauran wata huɗu kuma biyun farko kawai. Idan aka sha rabi aka bari, ƙwayoyin da suka tsira sukan koma ba su jin magani. Bugu da ƙari, sababbin magunguna ba su cika fitowa ba. Lokacin da Amurka ta amince da bedaquiline a 2012, an yi kusan shekara 40 ba a samu wani sabon nau'i ba.

Gwaji a kan ƙwayar kanta ma aiki ne ja. Takan ɗauki awa 15 zuwa 20 kafin ta rabu biyu, don haka sai an jira makonni kafin ta yi yawa a ɗakin gwaji. Kuma tunda ta iska take yaɗuwa, sai a ɗaki na musamman mai tsananin tsaro da tsada ake taɓa ta. A nan ne amfanin kwamfuta yake fitowa: ta tace dubban sinadarai, ta ware 'yan kaɗan da suka cancanci a kai su ɗakin gwaji.

Yadda Kwamfuta Take Aikin

Mai karatu ya ɗauki misalin kwaɗo da makulli. A jikin ƙwayar cutar akwai furotin iri-iri da take rayuwa da su, kowane yana da ɗan gurbi kamar bakin kwaɗo. Idan aka sami sinadarin da ya shige gurbin nan ya toshe shi, aikin furotin ya tsaya, ƙwayar kuma ta mutu. Aikin yakan bi matakai huɗu.

Na farko, a zaɓi kwaɗon. A 1998 aka kammala karanta ƙwayoyin gadon wannan cuta, aka tarar sun kai kimanin 4,000, kuma hakan ya ba masana jerin wuraren da za a iya kai wa hari. Alal misali, furotin InhA da DprE1 suna cikin masu gina katangar ƙwayar, katanga mai kauri da maiƙo wadda ke hana magani shiga. Siffofin irin waɗannan furotin suna ajiye a rumbun Protein Data Bank, wanda aka kafa a 1971, kuma kowa na iya sauke su kyauta ta intanet. Wanda ba a riga an gano siffarsa ba, manhajar AlphaFold takan yi hasashenta. Ita ce ta jawo wa Demis Hassabis da John Jumper kyautar Nobel a 2024.

Na biyu, a tara makullai, wato sinadaran da aka taɓa cirowa daga ganye da sassaƙe da saiwa. A 2013 Fidele Ntie-Kang na Jami'ar Buea a Kamaru da abokan aikinsa suka fitar da rumbun AfroDb na sinadaran tsirran Afirka.

Na uku, gwajin dacewa. Manhaja irin AutoDock Vina, wadda ta fito a 2010, takan zura kowane sinadari a gurbin furotin, ta juya shi ta kowace fuska, ta ba shi maki gwargwadon yadda ya kama.

Na huɗu, tankaɗe da rairaya. Ana duba ko sinadarin zai iya ratsa hanji ya shiga jini, da kuma ko zai cutar da hanta. Wanda ya tsallake shi ake kaiwa ga ƙwayar cutar ta gaske, daga nan zuwa dabbobi, daga ƙarshe mutane.

Ina Aka Kwana?

Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Maki mai kyau a kwamfuta hasashe ne kawai, domin sinadari na iya dacewa da gurbin a kan allo amma ya kasa huda katangar ƙwayar. Cikin magungunan huɗu da na ambata babu wanda ya fito daga tsiro. Duk da haka akwai abin ƙarfafa gwiwa. A Jami'ar Pretoria ta Afirka ta Kudu an ciro sinadarin diospyrin daga saiwar wani itace dangin kanya, aka ga yana hana ƙwayar girma a ɗakin gwaji. A Indiya kuma, a 2009, an fitar da maganin Risorine, inda aka haɗa rifampicin da isoniazid da piperine, sinadarin da ke ba masoro yajinsa, domin ya taimaka wa jiki tsotse maganin.

Rawar Ɗalibin Harshe

Kwamfuta ba ta shiga daji, kuma ba ta hira da 'yar mai ganye. Abin da aka ba ta shi take tacewa. Tu Youyou ta Sin, wadda ta sami Nobel a 2015, daga wani tsohon littafin likitanci ta samo hanyar ciro maganin zazzaɓin cizon sauro daga tsiro dangin tazargade. A ƙasar Hausa kuwa, tun 1916 J. M. Dalziel ya wallafa ƙamus na sunayen tsirrai. Amma suna ɗaya na iya nufin itace biyu, itace ɗaya kuma sunansa ya bambanta daga Kano zuwa Sakkwato. Haka kuma idan mai magani ya ce ganyen sabara yana maganin tari, sai an tambaye shi wane tarin, tunda kalmar fuka kaɗai wasu ciwon asma suke nufi da ita. Kuskure a wannan mataki yana iya sa mai bincike ya yi shekara yana gwada abin da ba shi ba ne. A ganina, tattara waɗannan sunaye da tantance ma'anarsu aikinmu ne, tare da rubuta daga bakin wa aka ji, domin kada a danne haƙƙin masu ilimin.

Kammalawa

Wannan bincike yana kan hanya, bai kai ga kantin magani ba tukuna. Saboda haka duk wanda tarinsa ya kai mako biyu, ya garzaya asibiti a gwada majinarsa. Gwaji da magani kyauta ne a cibiyoyin gwamnati na tarin fuka, kuma kada jiƙo ya sa ya ajiye ƙwayoyinsa kafin wata shida su cika.