Amsoshin Wasiƙunku: Akwatin Tokar Gawa Da Awon Makwancinmu

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani ɗan kasuwar shinkafa a Zauro. Ya ce ya ji labarin a wasu ƙasashe ƙone mamaci ake yi, a zuba tokarsa cikin ɗan akwatin katako. Yana tambaya: ta yaya mutum sukutum zai shiga ɗan akwati, kuma yaya kafinta ke sanin girman da zai yi?

To malam, labarin gaskiya ne. Mabiya addinin Hindu a Indiya sun daɗe suna yi, musamman a birnin Baranasi, bakin kogin Ganga. A Japan fiye da kashi 99 cikin 100 na mamata ƙone su ake yi. Cocin Katolika ma ta ɗage haninta a 1963.

A gidajen ƙonawa na zamani zafin wutar kan kai digiri 800 ko fiye, har awa 2 zuwa 3. Nama da kitse duk su tafi, ƙashi kaɗai ke saura, sai a niƙa shi. Watau abin da ake kira toka garin ƙashi ne, kuma na baligi yakan yi kilo 2 zuwa 3.

Ga yadda kafintocin Amurka ke lissafi. Kowace laba ɗaya ta nauyin mutum ana ba ta gurbin inci 1 tsawo, inci 1 faɗi, inci 1 zurfi. Mai kilo 70, watau laba 154, yana bukatar gurbi 154, kimanin lita 2 da rabi. Don gudun kada ya kasa, akan yi na baligi ya ci gurbi 200. Akwatin da cikinsa ke da inci 6 ta kowace fuska ya isa, domin 6 sau 6 sau 6 ya ba da 216. Lura, ciki ake aunawa, ba a haɗawa da kaurin katako. Wasu ma da shinkafa suke gwada shi, kamar yadda kuke gwada sabon mudu.

Mu kuwa Musulmi, malamai sun haɗu a kan haramcin ƙone gawa, domin mutuncin ɗan Adam ba ya ƙarewa da fitar rai. Amma mu ma muna da namu awon.

Na farko likkafani. A mazhabar Malikiyya an so na namiji ya zama guda 5: riga, rawani, zane da lifafa 2. Na mace guda 7: riga, mayafi, zane da lifafa 4. In babu hali, tufa ɗaya da ya rufe jiki ya wadatar. In za a yanka yadi, a ƙara a kan tsawon mamaci, yadda za a sami abin ɗaurewa ta kai da ta ƙafa.

Na biyu kabari. A gwada mamaci da kara ko igiya a kai wa masu haƙa, kada a yi ƙiyasi da ido. Ramin ciki ya ɗan fi shi tsawo, faɗinsa kuma ya isa a kwantar da shi ta ɓangaren dama yana fuskantar alƙibla. Zurfi kuwa, gwargwadon abin da zai hana wari fita, ya hana kura ko kare tonawa. Itacen rufi ya zarce faɗin ramin ta kowane gefe, don ya zauna daram.

Ku mutanen bakin fadamar Rima, daga Argungu zuwa Zauro har Birnin Kebbi, ruwa na kusa da ku, kuma kun ga abin da ambaliyar 2020 ta yi. A riƙa zaɓen tudu in za a yanki maƙabarta, a kuma taru a yi wa kaburbura ciko kafin damina ta faɗi.

Saura magana ɗaya ga masu 'ya'ya ko 'yan'uwa a ƙetare. A wurare da dama a Amurka, gawar da ba a sami mai ita ba hukuma kan ƙone ta. A Siri Lanka kuma gwamnati ta tilasta ƙone waɗanda korona ta kashe, har da Musulmi, daga 2020 zuwa Fabrairun 2021, daga baya ta nemi gafara a 2024. Saboda haka ku gaya wa naku ya rubuta wasiyya, ya san masallacin unguwarsa su ma su san shi, ya kuma riƙa yawo da lambar wayar wani nasa a aljihu.

Allah ya jiƙan magabatanmu, mu kuma ya sa mu cika da imani, amin. Sai mun ji daga gare ku.